Ilmin Tsara Aiki da Amfaninsa a Masana'antar Ƙarfe

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce bayyana wani fanni na ilmin zamani wanda bai riga ya sami tsayayyen suna a Hausa ba, da nuna irin moriyar da masana'antun ƙarfe na duniya suka ci da shi, sa'an nan a ɗora masana'antun ƙarfe na Nijeriya a kan ma'auninsa. Sunan da Ingilawa suka raɗa masa, in an fassara shi kalma da kalma, ma'anarsa bincike game da ayyukan mayaƙa, domin a fagen yaƙi aka haife shi. Amma da yake tuni ya tuɓe kayan soja ya shiga masana'antu da ofisoshi, a nan za a kira shi ilmin tsara aiki. Abin da ake nufi shi ne yin amfani da lissafi don gano hanyar da ta fi dacewa a raba abin da ke hannu, kamar kayan aiki da lokaci da ma'aikata da kuɗi, a yayin da abin hannun bai isa a yi dukan abin da ake so ba.

Matsalar da wannan ilmi yake fuskanta ba baƙuwa ba ce ga mutanen Sakkwato. Wanda ya ratsa unguwar Maƙera Assada a ƙarshen bazara zai tarar maƙera sun duƙufa kan fartanya da garma, domin damina ta ƙarato; in kaka ta gabato kuwa sai lauje da magirbi su karɓe fagen. Maƙeri yana da ƙarfe gwargwado, gawayi gwargwado, yaran da za su yi masa zuga gwargwado, kwanakin da suka rage kafin ruwan shuka kuma ƙididdigaggu ne. Tilas ya yanke shawara: garma nawa, fartanya nawa, wanne zai fara, wanne zai bari sai an kawo masa aiki. In ya yi kuskure, ko dai manomi ya zo ya tarar babu, ko kuwa kaya su kwana a rumfa har baɗi, jarinsa a ɗaure. A zamanin da, lissafin ya fi haka tsawo, domin ƙarfen ma a gida ake fid da shi daga tama, sai an haƙo ta, an sare ƙirya an ƙona gawayi, an gina tanderu, duk a cikin rani kafin aikin gona ya kira mutane. Wata Bafaranshiya masaniyar al'adu, Nicole Echard, ta tarar da sauran masu wannan sani a ƙasar Adar, arewa da Sakkwato, cikin shekarun 1960, har ta ɗauki aikinsu a fim. A lokacin nan tsofaffin ƙarafan mota da na jirgin ƙasa sun riga sun kusa kashe sana'ar narka tama a ƙasar Hausa.

Maƙeri yana riƙe lissafinsa a ka, gado da gogewa suna taimakonsa. Masana'antar da ke murza tan dubu ɗari biyu a shekara, tana fitar da kaya iri hamsin, ba ta da kan da zai riƙe wannan. Nan ne ilmin tsara aiki yake shigowa.

Asalin Ilmin

A shekarun 1937 da 1938 Ingila tana gwajin sabuwar na'urar hango jiragen sama, wato rada, a wani wuri da ake kira Bawdsey. Na'urar tana aiki, amma labarin da take bayarwa ba ya isa ga matuƙa jirgi a kan kari. Sai aka sa masana kimiyya su bar binciken na'urar, su binciki yadda mutane suke aiki da ita. Daga nan sunan ya samo asali. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, wani masanin kimiyya mai suna Patrick Blackett ya shugabanci irin wannan bincike a rundunar ruwa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya gano zai yi wa jikokin fatake daɗin ji. Jiragen ruwa masu kawo wa Ingila abinci suna tafiya ne ayari-ayari, jiragen yaƙi na kewaye da su saboda farmakin Jamus. Hafsoshi sun ɗauka ƙaramin ayari ya fi tsira. Lissafi ya nuna akasin haka: in an ninka yawan jirage, kewayen da za a tsare ba ya ninkuwa, saboda haka babban ayari ya fi sauƙin tsaro in an raba bisa kowane jirgi. Madugan da suka riƙa kai ayari Gwanja sun san wannan tun kafin a haifi kakan Blackett, abin da ya ƙara shi ne hujja ta alƙaluma wadda hafsa ba zai iya musu da ita ba.

A can Tarayyar Sobiyet kuma, wani kamfanin yin falange na katako a Leningrad ya kawo wa wani saurayin malamin lissafi, Leonid Kantorovich, tambaya: injuna daban-daban, katako iri-iri, kowane inji yana da irin da ya fi sauri a kai, yaya za a raba aikin? Amsar da ya buga a 1939 ita ce tushen abin da za a kira a nan lissafin rabo. A Amurka George Dantzig, yana yi wa rundunar sama aiki, ya fito da hanyar warware irin wannan lissafi a 1947, hanyar da ake kira simfileks, wadda har yau kwamfutoci suke amfani da ita. Kantorovich ya sami lambar Nobel ta fannin tattalin arziki a 1975, tare da Tjalling Koopmans.

Masana'antar ƙarfe na cikin na farko da suka rungumi ilmin bayan yaƙi. Ƙungiyar binciken ƙarfe ta Ingila, ƙarƙashin Charles Goodeve, ta buɗe sashe musamman dominsa, cikin ayyukanta na farko kuwa har da nazarin yadda jiragen ruwa masu ɗauke da tama suke yin layi a tasha suna jiran saukewa. A 1956 kamfanin United Steel na Sheffield ya kafa babban sashe ƙarƙashin Stafford Beer, inda K. D. Tocher ya ƙago dabarar kwaikwayon masana'anta a cikin kwamfuta, a gwada shawara a can kafin a gwada ta a kan narkakken ƙarfe. A 1958 Tibor Fabian ya buga lissafin rabo na masana'antar ƙarfe ɗungurungum, daga gawayi da tama har zuwa kayan da ake sayarwa.

Dalilin wannan gaggawa a fili yake. Aikin ƙarfe sarƙa ne: tanderu yana ciyar da wurin zuba, wurin zuba yana ciyar da injin murza. Ƙarfe in ya huce sai an sake kashe wuta a kansa. Jari kuma mai nauyi ne ƙwarai, har ya zamana gyaran kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari kuɗi ne da zai biya albashin masu lissafin shekara da shekaru.

Yadda Lissafin Rabo Yake

Bayani ba ya zama sai da misali. Alƙaluman da ke tafe ƙirƙirarru ne don sauƙin fahimta, ba na wani kamfani ba ne.

A ƙaddara akwai masana'antar murza ƙarfe da ke sayen gungumen ƙarfe, wanda masu sana'a suke kira bilet, tana mai da shi ko dai rodin gini ko kuwa waya wadda ake yin ƙusa da raga da ita. A mako tana samun gungume tan 1,000, wutar lantarki kuma tana isarta aikin awa 64. Injin yana murza rodi tan 25 a awa guda, waya kuwa da yake siririya ce tan 10 kawai. Ribar tan ɗin rodi naira 20,000, ta waya naira 35,000.

Ɗan kasuwa zai ce a yi waya zalla, tun da ta fi riba. A awa 64 za a sami tan 640, riba naira miliyan 22.4, gungume tan 360 na nan jibge. Injiniyan da ake yabonsa da yawan tan zai ce a yi rodi zalla. Zai cinye tan 1,000 cikin awa 40, riba miliyan 20, inji ya yi zaman banza awa 24. Duka biyun suna da hujja, duka biyun kuma sun yi asara. Lissafin rabo yana neman inda gungume da wuta za su ƙare tare: rodi tan 600 cikin awa 24, waya tan 400 cikin awa 40. Ribar rodi miliyan 12, ta waya miliyan 14, jimla miliyan 26. Ba a ƙara inji ba, ba a ƙara ma'aikaci ba, an sami ƙarin miliyan 3.6 a kan shawarar ɗan kasuwa, miliyan 6 a kan ta injiniya.

Wannan shi ne rabin amfanin. Ɗaya rabin, wanda masu sana'a suka fi daraja shi, shi ne lissafin yana faɗin kimar kowane abin da ya yi ƙaranci. A ce an sami ƙarin awa guda ta wuta. Tan ɗin waya yana cin minti 6, na rodi minti 2.4, bambanci minti 3.6. Ashe da minti 60 za a iya mai da tan 16 da sulusi biyu daga rodi zuwa waya, kowane tan yana ƙara naira 15,000, wato naira 250,000 ke nan. Wannan ita ce kimar awa guda ta wuta ga wannan masana'anta a wannan mako. In janareta zai ba da awar a ƙasa da haka, a tayar da shi. In ya fi haka, a bar shi a kashe. Haka kuma ƙarin tan ɗaya na gungume kimarsa naira 10,000 ce kawai bisa farashinsa na kullum, saboda haka manajan da ya biya dillali ƙarin 15,000 don a kawo masa da gaggawa ya sayi asara da kuɗinsa. Wannan kima ba a rubuce take a wata kasuwa ba, shi ya sa ake kiranta inuwar farashi.

Yanzu a ce wuta ta lalace, awa 30 kawai aka samu. Al'amari ya juya. Awa guda ta rodi tana kawo naira 500,000, ta waya 350,000. Gungume ya yi yawa, wuta ce ta yi ƙaranci, don haka sai a daina wayar nan mai tsada gaba ɗaya a koma rodi mai araha. Kimar awar wuta ta hau zuwa 500,000, ta ƙarin gungume ta faɗi ba ta da ko kwabo. Hankali kurum ba ya saurin yarda cewa ranar ƙunci ita ce ranar barin kaya mafi tsada, amma haka alƙaluman suka ce.

Da kaya iri biyu da ƙaidi biyu, alli da allo sun isa. Masana'anta ta gaske tana da dubban kaya da dubban ƙaidodi. Hikimar Dantzig ita ce ya lura cewa amsar da ta fi kowace tana kan wata kusurwa, wato inda wasu ƙaidodi suka haɗu, kamar yadda aka gani a sama. Sai a tashi daga wata kusurwa a matsa zuwa maƙwabciyarta da ta fi ta riba, a yi ta yin haka har a iso wadda ba ta da maƙwabciyar da ta fi ta.

Misalin wutar nan ya faru a zahiri a Indiya. Kamfanin Tata Steel na Jamshedpur ya sha fama da ƙarancin lantarki irin wanda kowane ɗan Nijeriya ya sani. Tsakanin 1983 da 1986 ma'aikatansa suka gina lissafin da ke faɗin wane sashe za a kashe, wanne za a bari, duk lokacin da aka rage musu wuta. Bisa rahoton da suka buga, rabon wuta kaɗai ya jawo amfanin dala miliyan 73 a shekarar farko, 1986 zuwa 1987, a 1994 kuma aikin ya ci lambar Franz Edelman, wadda ita ce babbar lamba a wannan fanni. Babban abin da ya sauya a kamfanin shi ne an daina auna nasara da yawan tan, an koma auna ta da riba.

Yanka da Jeri

Akwai wata matsala ƙarama wadda kowane magini a Sakkwato yake gamuwa da ita. Rodi yana zuwa da tsawon mita 12. A ce ana bukatar guda 20 masu mita 5, da 20 masu mita 4, da 20 masu mita 3. Mai yanka in ya bi su iri-iri, masu mita 5 za su ci rodi 10, kowanne ya bar guntun mita 2. Masu mita 4 su ci 7. Masu mita 3 su ci 5. Jimla 22. Da ya lura cewa 5 da 4 da 3 sun yi 12 cif, da rodi 20 sun ishe shi ba guntu ko ɗaya. Rodi biyu a gini ɗaya ba wani abu ba ne. A masana'antar da ke yanka faranti da bututu dare da rana, hanyoyin yanka suna kai miliyoyi, ba mai iya jera su. Paul Gilmore da Ralph Gomory, ma'aikatan kamfanin IBM, su ne suka fito da dabara a 1961 wadda ke ƙirƙiro hanyar yanka mai amfani ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an jera sauran ba.

Kantorovich ma ya yi irin wannan aiki a wata masana'antar taragon jirgin ƙasa a Leningrad. Ana ba da labari cewa guntaye sun ragu ƙwarai, har masana'antar ta kasa cika adadin tarkacen ƙarfe da hukuma ta ɗora mata ta riƙa mayarwa, aka nemi hukunta ta. Labarin ya cancanci a riƙe shi, domin yana nuna cewa lissafi yana iya yin daidai, ƙa'idar ofis ta mai da shi laifi.

Jeri kuma wata matsala ce. Duk lokacin da za a sauya kaurin rodi sai an tsai da inji an sauya mamurzai, wani sauyin ya fi wani cin lokaci. Kauri iri 10 kawai ana iya jera su ta hanya 3,628,800. Kwamfuta tana tace su kafin shayi ya huce.

Masana'antun Nijeriya a Kan Ma'auni

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar raya masana'antar ƙarfe a 1971. A 1979 aka rattaba hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet don gina Ajaokuta, wadda aka tsara matakinta na farko zai fitar da tan miliyan 1.3 a shekara, a 1980 kuma Shugaba Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa ta Sakkwato, ya aza harsashinta. A 1982 aka buɗe kamfanin Delta Steel a Aladja kusa da Warri, mai ƙarfin tan miliyan ɗaya. Tare da shi aka gina masana'antun murza guda uku a Katsina da Jos da Oshogbo, kowace mai ƙarfin tan 210,000 a shekara. Kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina ta Katsina, wadda ita ce mafi kusa da Sakkwato, ita aka sa ran za ta wadata Arewa maso yamma da rodi. Tsarin shi ne Aladja ta narka, ta aika wa ukun nan gungume, su murza.

An sha sukar kafa masana'antar a Katsina da cewa siyasa ce. Siyasa na ciki lalle, gwamnati tana son kowane sashe ya ga hayaƙin masana'anta. Amma ta fuskar lissafi zaɓin ba wauta ba ne a kan kansa. Narka tama yana zubar da nauyi mai yawa, shi ya sa ake gina tanderu kusa da ma'adini ko tashar ruwa. Murza kuwa kusan ba ya rage nauyi, tan ɗin gungume yana ba da kusan tan ɗin rodi, saboda haka ɗauko gungume zuwa Katsina da ɗauko rodi zuwa Katsina kusan kuɗi ɗaya ne. Ciwon yana wani wuri.

Na farko dai sufuri. Tsakanin Aladja da Katsina ya haura kilomita 1,000, jirgin ƙasa kuma bai taɓa isa birnin Katsina ba a lokacin. In tirela tana ɗaukar tan 30, ciyar da masana'antar har ta ƙoshi yana bukatar sawu 7,000 a shekara, wato tirela 19 ko 20 kowace rana ta Allah, rani da damina, a kan hanyoyin da ba a gina su don wannan nauyi ba. Masana'antun uku tare, sawu 21,000. Lissafin sufuri, wanda Frank Hitchcock ya tsara tun 1941, an yi shi ne don irin wannan tambaya, kuma rarraba lamba ɗaya da ɗaya ta isa ta nuna girman abin.

Sa'an nan dukan ukun uwa ɗaya suke tsotso. Ita uwar kuma tanderunta irin wanda ke bukatar tama mai tsabta ƙwarai ne, tamar Itakpe kuwa ƙarfen da ke cikinta bai wuce kimanin kashi 36 cikin ɗari ba sai an tace. Don haka daga Barazil da Laberiya ake sayo wa Aladja tama, da kuɗin ƙasashen waje. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, shekarar da aka buɗe Aladja, a 1986 kuma shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida ya karya darajar naira. Aladja ba ta taɓa kusantar tan miliyan ɗayan da aka gina ta dominsa ba, cikin shekarun 1990 kuma ta tsaya. In aka koma ga misalin baya, wannan shi ne halin da gungume ya zama shi ne ƙaidi: inuwar farashinsa ta hau sama, injunan Japan masu kyau da ma'aikatan da aka horar kuwa, a lissafi, ƙarinsu ba shi da kima. Dabarar kwaikwayo ta Tocher, wadda ta girmi masana'antar Katsina da fiye da shekara ashirin, amfaninta ke nan: a tambayi kwamfuta me zai faru in uwa ta ba da rubu'in abin da ta alkawarta, tun kafin a zuba siminti.

Ajaokuta darasinta na wani reshe ne na ilmin. A 1957 da 1958 aka ƙago a Amurka hanyar tsara manyan ayyuka, kamfanin DuPont a gefe guda, rundunar ruwa a ɗaya gefen. Tushenta magini na gargajiya ya san shi: ba a ɗora azara sai bango ya bushe, bango ba ya tashi sai tubali ya bushe, komai yawan lebura. A cikin kowane babban aiki akwai jerin ayyuka mafi tsawo, wanda kowanne ke jiran na bayansa, shi ne ke yanke ranar gamawa. Kuɗin da aka kashe a gaggauta abin da ba ya kan wannan jeri bai matso da ranar ko da yini ɗaya ba. Babban tanderu irin na Ajaokuta in an kunna shi ba a kashe shi sai bayan shekaru, don in ƙarfe ya daskare a ciki ya lalace. Kafin a kunna tilas ma'adinin Itakpe yana aiki, wurin tace tama yana aiki, layin dogo yana kawowa, gawayin kwal irin na narka ƙarfe yana tare a ƙasa, alhali kwal na Inugu bai dace da wannan aiki ba, na Lafia da Obi kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa. Abin da aka fara gamawa shi ne injunan murza, aka buɗe na farko a 1983, da niyyar su murza gungumen da aka sayo su tara kuɗin ƙarasa saura. Da Rashawa suka tashi a 1994 an ce aikin ya kai kashi 98 cikin ɗari. Layin dogon da ya haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri, wanda aka fara a 1987, sai a 2020 aka buɗe shi. Kashi 98 lissafin gini ne da injuna. In kashi biyun da suka rage suna kan jerin nan mafi tsawo, abin da masana'anta za ta narka daidai yake da na wadda ba a fara ba.

Ba adalci ba ne a ce rashin lissafi kaɗai ya jawo wannan. An yi nazarce-nazarce, an biya masu ba da shawara. Sauyin gwamnatoci da bashi da kwangilolin da suka ƙare a kotu suna da nasu kason: yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Global Infrastructure a 2004, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke ta a 2008, rigimar ba ta mutu ba sai a 2022, da Nijeriya ta amince za ta biya dala miliyan 496. Lissafin rabo yana amsa tambayar da aka yi masa ne. In abin da aka sa a gaba shi ne a yanke kirtani kafin zaɓe, zai nuna hanya mafi sauri ta yanke kirtani.

Akwai kuma sharaɗin da ba a cika faɗa ba, shi ne alƙaluma na gaskiya. Misalin da aka bayar ya yi aiki ne don an san tan nawa inji yake murzawa a awa, an san ribar kowane kaya. Inda ba a rubuta lokacin da inji ya tsaya da dalilin tsayawarsa, inda ma'auni ya lalace ba a gyara ba, kwamfuta za ta ba da amsa mai tsabta wadda ba ta da alaƙa da abin da ke faruwa a fili. Kwamfutar ma yanzu ba ita ce wahala ba. Lissafin da United Steel ta sayi na'ura mai cika ɗaki dominsa, ɗalibin sashen lissafi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai warware shi a kan ƙaramar kwamfutarsa kafin a tashi daga aji. Ƙasar da ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu kan ilmin lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741, ƙasar da almajirai suke koyon rabon gado da sudusi da sumuni, ba za a ce kan 'ya'yanta bai ɗaukar wannan ba. Littafin rajista na bakin inji shi ne ya fi wuyar samu.

Halin da Ake Ciki

A zamanin mulkin farar hula na Obasanjo aka sayar da masana'antun murza ukun, ta Katsina ta koma hannun kamfanin Dana, wanda ya ƙara mata wurin narka tarkace don ta riƙa yin gungumenta da kanta. Wannan ita ce hanyar da galibin rodin da ake yi a Nijeriya ya bi: tsofaffin ƙarafa, ana narka su da wutar lantarki, yawancin masana'antun kuma suna wajen Legas da Ogun. Ashe ma'adinin ƙarfen ƙasar ya koma kurar 'yan gwangwan da ke zagaya unguwanni, tirelolin da a da aka yi nufin su hauro da gungume suna gangarawa Kudu da tarkace, su komo da rodi.

Sauyin ya kawo sababbin tambayoyi irin waɗanda ilmin tsara aiki ya saba da su. Tarkace ba iri ɗaya ba ne: ƙarfen inji, da sifirin mota, da kwanon rufi, da gwangwani, kowanne da abin da ke gauraye a cikinsa da farashinsa. Rodin da zai riƙe bene tilas sinadaransa su tsaya tsakanin iyakoki sanannu. In wani ya yi yawa rodi ya yi gautsi ya karye wajen lanƙwasa, in ya yi kaɗan ya yi laushi. Neman gaurayen da ya cika sharaɗi da kuɗi mafi ƙaranci lissafin rabo ne tsantsa, irin wanda kamfanin siminti na Kalambaina, da ya fara aiki a 1967, yake fuskanta kullum wajen haɗa farar ƙasa da sauran kayan haɗi. Bambancin gaurayen da aka lissafa da wanda aka yi da ƙiyasi, mazauna benen ne suke ɗaukar sa. Sai kuma tambayar inda ya kamata a tara tarkacen Sakkwato da Kabi da Zamfara, da ko ya fi a narka shi a Arewa ko a ci gaba da biyan kuɗin mota sawu biyu. Amsar ta dogara ga farashin wuta a kowane wuri da kuɗin ɗaukar tan guda a kilomita guda. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara shi ya ratsa ta Katsina, kuma ranar da tarago ya fara tsayawa a can, lamba ta biyun nan za ta sauya, a sake lissafin daga farko.